Yadda Ake Fito da Kwantena Daga Tashar Legas Kafin Damarej Ya Cinye Ribar

Sababbin masu shigo da kaya daga Sin, yawancinsu a tashar Legas suke karyewa. Kwantena ta sauka, takardu ba su haɗu ba, kamfanin jirgi yana lissafa damarej, wato kuɗin jinkirin ɗauke kwantena, masu tasha suna lissafa kuɗin ajiya, kullum sai hawa. Batun neman masana'anta a Guwanzu ko Yiwu ba zan tsaya kansa ba, kowa ya san wannan.

1. Zaɓi kwantena gwargwadon kayanka. Mai ƙafa 20 cikinta kusan kubik mita 33 ne, doguwa mai ƙafa 40 kuma kusan 67, idan mai tsayin rufi ce kusan 76, amma kwali ba ya cika kowane lungu, don haka ka rage lissafi. Tayil, batir da ƙarfe a sa su a ƙarama, domin nauyi ne zai tsayar da kai tun kafin wuri ya cika. Takalma da robobi sai doguwa. Ni dai ba na son haɗaka, wato haɗa kayan mutane da yawa a kwantena ɗaya. Tana da sauƙin kuɗi, amma mutum ɗaya ya cusa abin da aka hana, kayan kowa sun tsaya.

2. Buɗe Fom M, takardar neman izinin shigo da kaya, a bankinka kafin a yi lodi. Kafin, Alhaji, ba bayan jirgi ya tashi ba. Idan kayan na buƙatar SONCAP, shaidar ingancin kaya ta hukumar SON, ko izinin NAFDAC, a nema tun yanzu.

3. A nan ake faɗuwa. Takardar farashi, jerin kaya, takardar lodi da ake kira BL, da Fom M, dole bakinsu ya zo ɗaya: sunan kamfani, yawan kwalaye, nauyi, lambar kwantena, lambar hatimi, da lambar HS ta kayan, wadda kwastan ke gane nau'in kaya da kuɗin da za a biya da ita. Ka sa a turo maka daftarin BL kafin a fitar da na gaske, ka zauna da biro ka bi shi layi-layi. Za ka ga an rubuta kwali 840 a nan, 804 a can, ko an yar da harafi ɗaya a sunan kamfaninka. Gyaran wannan kafin jirgi ya tashi saƙon WhatsApp ne kawai. Bayan ya iso kuwa, sai an gyara bayanan lodin jirgi, a biya kuɗi, a jira, damarej na tafiya.

Kada kuma ka saurari ejan ɗin da zai ce a canza lambar HS don a rage kuɗin kwastan. Ranar da aka buɗe kwantena aka ga saɓanin haka, kai za ka biya cikon da tara, shi ya kashe waya. Jirgi yakan fi wata a hanya, lokacin ya isa a fitar da PAAR, rahoton da kwastan ke bayarwa na tantance kaya kafin su iso. Wanda jirginsa ya iso bai da PAAR a hannu ya riga ya makara. Cikon kuɗin masana'anta ma a biya da wuri, in ba haka ba za su riƙe BL.

4. Nemi kwanakin kyauta, waɗanda ba a lissafa damarej a cikinsu, tun wajen kama jirgi, 14 ko 21, a rubuce. Da yawa ba sa tambaya, suna can suna cinikin ragin dala hamsin. Ka kuma kauce wa lodi gab da sabuwar shekarar Sin, a Janairu ko Fabrairu, wuri yakan yi wuya.

5. Duba tashar da za a sauke. Lekki, wadda aka buɗe a 2023, zurfinta mita 16.5, tana karɓar manyan jiragen da Apapa da Tin Can ba sa iyawa. Amma ka tambayi kuɗin mota daga kowacce zuwa Kano kafin ka yanke. Mai son yin kiliyarin a tashar tudu ta Dala ko ta Kaduna, sai a rubuta haka a BL tun daga Sin.

6. Sauran sananne ne: biya kwastan, a duba kaya, biya kamfanin jirgi da tasha, ɗora wa mota. Sauke da wuri a mayar da kwantena, ka karɓi shaidar mayarwa, da ita za ka nemi kuɗin jinginar kwantena da ka ajiye wa kamfanin jirgi.