Kyamara Mai Awon Tazara Ko DSLR: Inda Masu Saye Suke Yin Tuntuɓe

Yawancin waɗanda na ji suna nadamar kyamarar da suka saya, ba lalacewa ta yi musu ba. Lafiyarta ƙalau. Aikin da suka saye ta dominsa ne ba nata ba. Wannan ya fi faruwa idan mai ɗaukar hoto ya tara kuɗi ya tsaya tsakanin abu biyu: ƙaramar kyamara mai awon tazara, wadda ake kira rangefinder, irin jerin M na Leica, da ƙatuwar DSLR, wato kyamarar dijital mai madubi a ciki, ta ƙwararru irin Nikon D6 ko Canon EOS-1D X Mark III. Dukkansu tsada gare su, dukkansu suna fitar da hoto mai kyau, shi ya sa mutum yake zaton bambancinsu a girma ne da suna. Daga nan kuskure yake farawa.

Kuskure na farko, kuma uban sauran, shi ne rashin sanin ta inda ido yake kallo. A cikin DSLR akwai madubi a bayan lens, wato gilashin gaban kyamara. Haske ya shigo, madubin ya tura shi sama zuwa tagar leƙe, don haka abin da lens yake gani shi kake gani. Idan ka danna, madubin ya ɗaga, hasken ya faɗa kan sensa, wato ɗan farantin lantarki da ke kama hoton, tagar ta yi duhu na ƙiftawar ido. Mai awon tazara ba ta da wannan madubin. Tagar leƙenta daban take, a gefe can sama, tana kallon duniya kai tsaye. A cikinta za ka ga layuka masu haske da ke nuna iyakar hoton, a tsakiya kuma wani ɗan fili inda abu yake bayyana biyu. Kai ne za ka juya zoben lens da hannu har biyun su haɗu su zama ɗaya, sannan ka san saiti ya yi.

Abin da wannan yake haifarwa yana da yawa. Tunda ido yana gefe lens yana gefe, iyakar da ka gani ƙiyasi ce, musamman idan abin yana kusa. Kyamarar tana matsar da layukan don rage wannan saɓanin, amma ba ta kawar da shi gaba ɗaya. Ba za ka ga yadda bayan hoton zai dushe ba, domin a tagar komai garau yake. Babban lens ko murfin kare rana yakan tare kusurwar ƙasa ta dama. Kuma ga abin dariyar da kusan duk mai irin wannan kyamara ya taɓa yi: ka ɗauki hoto da marfin lens a rufe, kai kuwa kana ganin komai sarai.

Amma fa nan ne daɗinta yake. Kana ganin abin da ke wajen layi, ka hango mai tafiya tun kafin ya shigo cikin hoton, ka jira shi. Tagar ba ta yin duhu lokacin dannawa, don haka ka san ko mutumin ya rufe ido. Gyaran wannan kuskure ɗaya ne: kada ka yanke shawara daga karatu ko bidiyo. Ka riƙe ta, ka leƙa, ka yi yini da ita. Akwai wanda daga leƙen farko zai ji kamar an buɗe masa taga, akwai wanda har abada ba zai saba ba, kuma babu laifin kowa.

Wani tuntuɓen kuma na siffa ne. Fujifilm X100 da X-Pro, har ma da Leica Q, suna da kamannin mai awon tazara, amma ba ita ba ce: suna saita kansu da kansu, babu haɗa siffa biyu da madubai a cikinsu. Kama da wane ba ta wane. Na gaskiya a zamanin dijital kaɗan ne: Epson R-D1 ce ta fara fitowa a 2004, sai Leica M8 a 2006 da waɗanda suka biyo ta, sai Pixii ta ƙasar Faransa. Idan ƙanƙanta da kyan gani kake so, ba saitin hannu ba, masu kamannin sun fi dacewa da kai, kuma ba abin kunya ba ne.

Yanzu ga inda aka fi asarar kuɗi. Mutum ya sayi mai awon tazara alhali rabin hotunansa na nesa ne ko na kusa ƙwarai. Layukan da ke tagar Leica M ta zamani shida ne, kowanne na tsawon lens ɗaya a milimita (ƙaramar lamba fili mai faɗi take ɗauka, babba kuma tana jawo nesa), suna fitowa bibbiyu: 28 da 90, 35 da 135, 50 da 75. Ke nan daga milimita 28 zuwa 135 duniyarta ta tsaya. Ƙasa da 28 sai ka ɗora wata tagar a sama. A 135 kuwa layin ɗan mitsitsi ne a tsakiyar tagar, saiti da shi sai mai haƙuri. Na'urar awon ba ta aiki ƙasa da santimita 70, don haka hoton zobe, ƙwaro ko ƙwayar ido ba gidanta ba ne. Babu zum irin wanda aka sani, wato lens ɗin da ake juyawa ya jawo abu kusa ko ya mayar da shi nesa. Gaskiya ne daga samfurin Leica M Typ 240 aka sa mata kallo ta allo, ana kuma iya ɗora mata tagar lantarki, to amma idan a kullum ta nan za ka riƙa kallo, ka biya kuɗin awon tazara ka ajiye shi ba ka amfani da shi.

Ita DSLR a nan take sarauta. Daga lens mai faɗi sosai har zuwa milimita 600 da 800, ga na ɗaukar ƙananan abubuwa, ga masu gyara karkatar gini, duk suna hawa jiki ɗaya. D6 tana ɗaukar hoto 14 a daƙiƙa, 1D X Mark III tana ɗaukar 16 ta tagar leƙe, kuma suna bin mai gudu da saiti. Mai ɗaukar ƙwallo, tsere ko tsuntsaye bai ma da abin tunani.

Maganin yana cikin kwamfutarka. Kowane hoton dijital yana ajiye bayanin tsawon lens da aka ɗauke shi da shi. Buɗe hotunanka na shekara guda, ba duka ba, waɗanda ka zaɓa ka gyara ko ka miƙa wa masu aiki, ka tace su da wannan bayanin. Idan mafi yawa sun faɗo tsakanin 28 da 50, mutane ne a tsaye ko suna tafiya a hankali, mai awon tazara za ta iya zama taka. Idan ka ga 200 ta yi yawa, ka bar zancen. Na fi yarda da wannan lissafin a kan duk wata shawara, har da tawa, domin mutum yakan yi wa kansa ƙarya game da irin hoton da yake ɗauka. Yana ganin kansa Henri Cartier-Bresson, shahararren mai ɗaukar hoto na Faransa, a bakin titi da Leica da lens na 50, alhali abin da ke ciyar da shi taro ne a zaure mai duhu, yana tsaye can baya.

Sai maganar ido, wadda masu saye ba sa son a taɓo. Saitin hannu yana bukatar gani mai kyau. Mai sa tabarau sau da yawa ba ya iya ganin layukan 28 gaba ɗaya, domin idonsa ba ya matsowa kusa da tagar. Kuma tagar M ba ta da ɗan zoben gyara gani irin na DSLR, sai dai ka sayi ƙaramin gilashi daidai da idonka ka ɗaura. Sannan sabon shiga yakan fara da lens mai buɗewa sosai, f/1.4 ko ma Noctilux na Leica mai f/0.95 (lambar f girman ramin shigar haske take nunawa, ƙaramar lamba rami mai faɗi), inda kaurin wurin da ke fitowa garau a kusa bai wuce 'yan santimita ba. Filin saitin a tsakiya yake. Ka saita a ido, ka karkata kyamara don tsara hoton, saitin ya koma kunne. Sai ya ce kyamara ba ta da kyau. Ka fara da 35 mai f/2, ka tsuke shi zuwa f/8 da rana, ka koyi karanta ma'aunin tazarar da ke jikin lens. Da zarar ka saba, za ka saita tun kafin ka ɗaga kyamarar, kuma a wannan yanayin babu na'urar da ta fi ka sauri.

Na'urar awon kanta ƙarfe ce da madubai, bugu ko faɗuwa yana gusar da ita. Idan ka kai zoben ƙarshe a kan abu mai nisa sosai, kamar wata, ka ga siffofin ba su haɗu ba, ko ɗaya ta ɗan haura sama, tana bukatar mai gyara. DSLR ma ba ta tsira ba. Na'urar saitinta daban take da sensa, shi ya sa wani lens yakan saita gaban abu ko bayansa. Bambancin shi ne manyan DSLR suna da wurin gyara wannan a cikin menu, kai da kanka.

Masu DSLR su ma suna da nasu kurakuran. Babba shi ne raina nauyi. D6 ko 1D X Mark III da batir ta kusa kilo ɗaya da rabi, lens na 70-200 mai f/2.8 shi ma wajen haka. Kilo uku ke nan a wuya, kafin filasha da lens na biyu. M10 da batir giram 660 ce, da ƙaramin lens na 35 ba ta kai kilo ɗaya ba. A kanti minti biyar kake riƙe ta, a wurin aiki awa goma. Kyamarar da ta yi nauyi a gida ake barinta. Ga kuma abin da girma yake yi wa mutane: ka ɗaga ƙatuwar kyamara fuska ta canza, kowa ya gyara tsayuwa, ƙarar madubi kuma ta sanar da ɗaki cewa an ɗauka.

Na biyu shi ne zaton wadda ta fi tsada ta fi kyan hoto. D6 da 1D X Mark III megafiksel 20 da ɗoriya ne, an gina su don sauri da jure wahala. Nikon D850 ta 2017 tana da 45.7, ta fi sauƙin nauyi, kuma ga mai hoton situdiyo, gini ko shimfiɗar ƙasa ta fi amfani.

Game da sayen ta hannu, kowace da ciwonta. M8 sensarta ba cikakkiya ba ce, wato ba ta kai girman fim na milimita 35 ba, tana ninka tsawon lens da 1.33, kuma tana jin hasken infared, wanda ido ba ya gani, har baƙin yadi yakan fito da launin shunayya, sai an sa mata gilashin tacewa a gaban kowane lens. M9 ta 2009, mai cikakkiyar sensa da megafiksel 18, an san ta da zaizayar gilashin sensa. Leica ta yi shekaru tana canzawa, amma ta daina a 2020. Kafin ka biya, ka nemi takardar shaidar an canza, ka kuma ɗauki sararin sama ko farin bango a f/16 ka faɗaɗa hoton. Ƙura baƙin ɗigo ce da ake gogewa, zaizaya kuwa ɗigo ne mai farin zobe, ba ya fita. A DSLR, tambayi adadin hotunan da ta ɗauka, domin kyamarar ɗan jarida kan yi dubban ɗaruruwa alhali jikinta yana ƙyalli.

Ka kuma sani cewa tun 2018, da Canon ta fito da tsarin RF, Nikon ta fito da Z, hankalin kamfanonin biyu ya koma kan kyamarori marasa madubi. D6 da 1D X Mark III duk na 2020 ne. Wasu wannan yana tsorata su, ni ban ga abin tsoro ba: lens na EF (na DSLR ɗin Canon) da na F (na DSLR ɗin Nikon) sun cika kasuwar hannu, kuma suna hawa sababbin kyamarorin da ɗan mahaɗi. Abin dubawa kawai shi ne ko ana samun kayan gyaran samfurin da kake so.

Kuskure na ƙarshe na mai aikin kuɗi ne: zuba duk abin da ya tara a jiki ɗaya. Manyan DSLR suna da ramin kati biyu, suna rubuta hoto sau biyu. M9 da M10 rami ɗaya gare su, sai a M11 ta 2022 aka ƙara ma'ajiya a ciki. Gyaran mai awon tazara kuma ba kowane mai gyara ke taɓa shi ba, yana iya ɗaukar makonni ko watanni. Idan aikinka irin wanda ba a maimaitawa ne, sa kuɗin kyamara ta biyu da batura a cikin lissafi tun farko. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: idan daga DSLR ka koma saitin hannu, ka ba kanka wata biyu ko uku kana ɗaukar hoton da ba wanda ya biya ka, tsohuwar kyamarar tana cikin jaka, kafin ka sa ta a kasuwa.