Kurakuran da ake yi kafin a ce "an saye gidan rediyon nan"

A zaɓen gwamnan Sakkwato na 2019, ƙuri'a 342 kacal ce ta raba Aminu Waziri Tambuwal na PDP da Ahmed Aliyu na APC bayan zaɓen raba gardama. A irin wannan lokaci sai ka tarar da majalisa guda a unguwar Mabera ta Sakkwato ta saurari rahoto ɗaya daga rediyon mai shayi, amma ɗan PDP ya rantse an yi wa jam'iyyarsa ƙafar ungulu, ɗan APC ma ya rantse haka.

Babban kuskuren shi ne mayar da zafin da ka ji a rai hujja. A wani bincike da aka wallafa a 1985, masu bincike uku a Jami'ar Stanford ta Amurka, Vallone da Ross da Lepper, sun nuna wa ɗalibai rahotannin talabijin kan kisan gillar da aka yi wa Falasɗinawa a Sabra da Shatila da ke Beirut a 1982, lokacin da Isra'ila ta mamaye Lebanon. Abu ɗaya kowa ya kalla. Masu goyon bayan Larabawa suka ce an ɗaure wa Isra'ila gindi, masu goyon bayan Isra'ila suka ce an ci mutuncinta. Har abin da kowane ɓangare ya tuna ya sha bamban. Maganar da ta zo daidai da ra'ayinka kana ganinta gaskiya ce da kowa ya sani, ba ka lissafa ta. Wadda ta soke ka ita ce ke kwana a ranka.

Maganin shi ne lissafi. Ɗauki biro da agogon waya, ka bi labaran tasha ɗaya kwana bakwai. Rubuta daƙiƙa nawa aka ba kowane ɓangare, wa aka sa muryarsa, wa aka taƙaita zancensa da bakin mai karanta labarai, wa aka bari ya rufe magana. Kasa kunne ga kalmomi: idan wannan kullum "ya bayyana" ne, wancan kuma "ya yi iƙirarin", to nan akwai lauje cikin naɗi. Sannan ka musanya sunayen jam'iyyun biyu a zuci. Har yanzu kana ganin son kai?

Wasu kuma da guntun murya na daƙiƙa 30 a WhatsApp suke yanke hukunci. Nemi cikakken rahoton. Sau da yawa martanin ɗaya ɓangaren aka datse.

Ana kuma cakuɗa labarai da shirin siyasa da aka biya kuɗin filinsa, inda sojojin baka ke baje kolinsu. Saurari farko da ƙarshen shirin, a nan ake faɗin wanda ya ɗauki nauyi.

Kada kuma a zarce a ce duk ƙorafi hasashe ne. Wanda ya mallaki tasha, gwamnati ce ko ɗan kasuwa, yana iya tasiri kan abin da za a faɗa da wanda za a yi shiru a kai. Kwatanta da BBC Hausa ko DW ko jaridar Aminiya a rana ɗaya. Idan takardarka ta nuna rinjaye mako bayan mako, ka rubuta ranaku da lokutan shirye-shiryen, ka kai ƙorafi gidan rediyon, in ba a saurare ka ba ka miƙa wa NBC, hukumar da ke sa ido kan gidajen rediyo da talabijin a Najeriya.