Yadda za ka haɗa jirgin rimot mai alkahura irin na da, a nan Tahoua

In kana son ƙaramin jirgin sama na rimot wanda zai yi maka alkahura, ya mirgina, ya tahi a rigingine ya dawo daidai inda ka aike shi, to shawarata ka koma ga zanen mutanen 1960 zuwa 1980. Ba wai don son tsohon abu ba ne kawai, a'a, su waɗannan jiragen an zana su ne lokacin da kowa da hannunshi yake yanka katako a ɗaki, shi ya sa mutumin da ke zaune Tahoua da wuƙa da gam da tebur madaidaici zai iya haɗa su, in ya faɗi ya karye kuma ya gyara da kanshi.

Sai dai ka san wanda za ka ɗauka, don ba duka ne sunka dace da ƙasarmu ba. Astro Hog na Fred Dunn, ƙarshen shekarun 1950, shi ne ya nuna ma mutane cewa jirgi mai fiffike a ƙasan ciki zai iya wasa sosai a sama. Daga nan Ed Kazmirski na Amurka ya ci gasar duniya ta farko a 1960 a Suwizalan da jirginshi Orion, ya biyo da Taurus a 1962, kamfanin Top Flite ya yi ta sayar da su a kwali. A 1967 Phil Kraft ya ci gasar duniya a tsibirin Korsika da Kwik-Fli III. Joe Bridi ya hiddo Kaos a 1970, daga baya Super Kaos da Dirty Birdy. Sannan ga Hanno Prettner ɗan Ostiriya da Curare ɗinshi da ya ci duniya a 1977, mai wutsiyar nan da ta sunkuyo ƙasa, wanda duk ya gan shi a hoto sai ya ce shi nike so. To ɗan'uwa ka bar Curare tukuna. Ƙafafunshi naɗewa suke yi su shige ciki, kuma rairayinmu in ya shiga wannan wurin ƙafa ɗaya ta hito ɗaya ta ƙi, ka ga an gama, ga gudu gare shi kamar mi, yana son dogon fili mai santsi wanda ba mu da shi.

Ni a ganina Kwik-Fli III ne namu, Kaos na bi mishi. Dalili, fiffiken Kwik-Fli faɗinshi ɗaya ne tun daga gindi har baki, wato haƙarƙarin da ke cikin fiffiken duk iri ɗaya ne, ka yanka samfur guda ka yi ta kwafa. Gangar jikin kuma akwati ne kawai mai gefe huɗu, ƙafafu ukku a kahe, tsawon fiffike inci 60, wajen mita ɗaya da rabi kenan. Fiffiken mai kauri ne kuma samanshi da ƙasanshi kumburinsu ɗaya, shi ya sa tahiya a rigingine ba ta ba shi wahala kuma wajen sauka yana rage gudu ba tare da ya yi maka wulaƙanci ba. Kaos ma haka yake sai dai fiffikenshi na ɗan tsukewa zuwa baki, haƙarƙarin kowane da girmanshi, aikin ya ɗan fi yawa.

Zanen kyauta ake samunshi a intanet, shafin Outerzone na da dubbai. Ka sauke, ka kai wurin masu buga zanen gine-gine su hiddo maka shi a babbar takarda, in babu a kusa ka buga guntu-guntu a A4 ka liƙa. Abin da za ka tsaya a kai shi ne girman, ka ce musu ɗari bisa ɗari, kar su matse shi don ya shiga takarda, in an bugo ka sa mita ka auna fiffiken ka gani ko ya kai abin da anka rubuta. Kuma zanen Amurkawa da inci yake: 1/16 wajen milimita 1.5 ne, 3/32 wajen 2.5, 1/8 wajen 3, 1/4 wajen 6. Ka bi da biro ka rubuta milimita a kan kowane wuri tun kahin ka taɓa wuƙa.

Tsohon kwali na asali, irin na Top Flite ko Graupner na Jamus ko MK na Japan, har yanzu ana ganinsu a kasuwar intanet ta eBay, amma masu tara kayan tarihi sun sa musu tsada, ga kuɗin jigila ga duwan, kuma katakon da ya shekara 40 ko 50 a kwali wani ya bushe ya lanƙwashe. In kana da mai zuwa daga Faransa gara ya riƙo maka falankan balsa sabbi, masu milimita 1.5 da 2.5 da 6, tsawonsu mita guda ne kuma ba su da nauyi ko kaɗan. Balsa dai ba itacen ƙasarmu ba ne, mafi yawanshi daga Ekwado yake hitowa.

In balsa ta gagara akwai hanyar da Turawan Turai da kansu sunka daɗe suna bi, fiffiken soso. Farin soson nan mai ƙwaya-ƙwaya irin na cikin kwalin firigo, amma ka nemi babban falle lafiyayye, a yanka shi da waya mai zahi. Ka yi samfurin haƙarƙari biyu da falanki, ka kafa ɗaya kowane gefe, ka ɗaure siririyar wayar rishon kuran a baka kamar ta maharba, ka ba ta wuta daga batirin mota, mutum biyu ku ja ta tare a hankali kowa na bin lambobin da kunka rubuta a samfurin don kar ɗaya ya riga ɗaya. Sai a lulluɓe da balsa mai 1.5 ko siririn fallen katakon samba. Shi samba kahintoci sun san shi, farin katako ne mara nauyi, a Yamai kasuwar Katako ba a rasa shi, amma ka sani ya ninka balsa nauyi sau biyu ko fiye, to wurin da zane ya ce balsa mai 6 kai ka sa samba mai 3, gefen gangar kuma ka huda manyan ramuka daga bayan fiffike zuwa wutsiya. Wutsiya ita ce wurin da nauyi ke cuta, giram 10 a can baya sai ka biya shi da giram 30 ko 40 na darma a hanci.

Maganar gam, farin gam na kahinta shi ne na yawancin aikin, Araldite mai haɗi biyu kuma a wurin da inji zai zauna da mahaɗar fiffike biyu da gindin ƙafafu. Sufa-gulu na cinye farin soso nan take, kar ka kusanta shi. Da hunturu farin gam na bushewa da wuri ƙwarai, kar ka shafa dogon wuri ka tsaya amsa waya.

Yanzu ga abin da ya fi komi a aikin ga, miƙewa. Jirgin wasa in an gina shi a karkace babu rimot ɗin da zai gyara shi, za ka ja alkahura ya riƙa zamewa gefe ɗaya kana ta zargin hannunka. Ka samu tebur da ka tabbata shimfiɗe yake, ka ɗora doguwar rula ta ƙarfe ka leƙa ko haske na wucewa ta ƙasa, tsohuwar ƙofa mai santsi ko gilashi mai kauri duk suna yi. Shimfiɗa zanen, rufe da leda don gam kar ya kama takarda, ka gina rabin fiffike a kai ka danne shi da nauyi ya kwana, kar ka ɗaga don ɗoki. In ka zo ɗora fiffike a gangar, kafa allura a tsakiyar wutsiya ka ja zare zuwa bakin fiffiken dama, ka ja zuwa na hagu, dole tsawon ya zo ɗaya. Ka koma bayan jirgin ka tsuguna ka duba, wutsiyar kwance ta yi layi ɗaya da fiffike, ta tsaye kuma ta tsaya cak. Wanga awon ka maimaita shi kahin gam ya kama, don bayan nan sai dai wuƙa. Kuma katakon da ka aje, ɗaga shi daga ƙasa ka rataye, gara ba ta san tsadar balsa ba.

Sandunan da ke tura filafilan wutsiya, wato ɓangarorin nan masu motsi da ke juya jirgi, wayar ƙafar keke na yi sarai tunda bakinta da zare. Ƙafafun jirgin kuwa waya mai tsauri ta milimita 4 ake so, wadda in ta lanƙwasa take dawowa, ƙarhen gini ba ya yi. Ka sa tayoyi sun ɗan fi na zanen girma saboda rairayi.

Asalin jiragen nan injin .60 suke ɗauka, wato cc 10, irin su Enya da O.S. da Webra da Super Tigre, kuma ba esansi suke sha ba, man nasu haɗin metanol ne da man zurma da ɗan nitro. Samun wannan man a nan wahala ne, ga ƙurar da injin zai yi ta shaƙa ba matata, shi ya sa ni dai na fi ganin a mai da shi na batiri duk da na san masu son ƙarar inji da warin mai ba za su ji daɗin wannan magana ba. Jirgi mai kilo 3 yana son wajen wat 1000, wato moter mara gawayi mai kV 400 zuwa 500, batirin LiPo mai ɗaki 6 na mAh 4000 zuwa 5000, da kwantirola, wato mai sarrafa wutar moter, mai amfiya 80. Farfelar lantarki ta fi ta inji tsawo, ka auna kar ta riƙa sharar ƙasa, in ta kama ka ƙara ma ƙafafu tsawo. Ka buɗe hanyar iska a hanci da wata mafita a ƙarƙashin ciki wadda ta fi ta gaba girma, don zahin watan Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 ba wasa ba ne ga batiri. Kowane ɗaki volt 4.2 ne in ya cika, in za ka aje shi kwanaki ka bar shi a 3.8, kar ka bar shi cikin mota a rana, kar ka sa shi caji ka tahi masallaci ko ka kwanta, kuma wanda ya kumbura ya gama aiki. Minti 6 ka sa a agogon rimot ka sauko.

Rimot kam sabo za ka saya mai 2.4 GHz, mai tasha 4, wato mai sarrafa abu huɗu a jirgin, ya isa amma mai 6 ya fi. Tsofaffin nan masu dogon eriya na 35 ko 72 MHz a bar su a kanta don kallo.

Rufin waje leda ce ta musamman da ake mannawa da dutsen guga, MonoKote ko Oracover. Sama ka sa fari ko rawaya ko ruwan lemu, ƙasa ka sa launi mai duhu da manyan layuka, don in ya yi nisa cikin hazo ka gane a kife yake ko a rigingine. Baƙi a sama rana ce za ta dafa shi ledar ta yi ta yamutsewa.

Kahin tashi na farko ka duba ma'aunin nauyi. Zanen ya nuna wurin, galibi wajen kashi 30 cikin ɗari na faɗin fiffike daga gaba. Tunda fiffiken a ƙasa yake, juya jirgin rigingine da batiri a ciki ka tallabe shi da yatsu biyu a wurin, hanci ya ɗan sunkuya kaɗan. In wutsiya ta rinjaya matsar da batiri gaba, kar ka tashe shi haka ko da wa ya ce ba komi. Ka kuma ɗaga shi ta hanci da wutsiya ka ga wane fiffike ke faɗuwa, ka soka ƴar kusa a bakin ɗayan. Motsin filafilai ka fara da kaɗan, na fiffike da na wutsiyar kwance wajen milimita 10 sama 10 ƙasa. Tsaya a bayanshi ka tura sandar rimot dama, filafilin fiffiken dama ya tashi sama na hagu ya sauka, in ka ga akasin haka juya shi a rimot. Kuma ka saita shi yadda in sigina ta yanke moter zai mutu.

In ba ka taɓa tuƙa jirgin rimot ba, wanga ba shi ne na koyo ba, ba ya miƙe kanshi in ka saki sanda. Ka yi makonni kana koyo da jirgin kwaikwayo na cikin kwamfuta, ka samu mai fiffike a sama ka saba da sauka tukuna.

Wurin tashi kuma, a halin tsaron da ƙasa ke ciki kar ka kuskura ka ɗauki abu mai tashi ka nuhi daji haka kawai. Hukumar kula da jiragen sama ta ƙasa, ANAC, ita ce ke da hurumin sararin sama, ka nemi izini, ka je jandarmari ko kwamisariya da jirgin a hannu su gan shi su ga ba kamara, mai gari ko mai unguwa ma ya sani. Ka yi nesa da filin jirgin sama da barikin soja da taron mutane. Fako mai tauri ka nema, ka share tsidau da tsakuwa wajen mita 100, yara kuma za su zo ko ba ka kira su ba, ka sa babba guda ya tsare su a bayanka, farfela na yanke yatsa.

Da sassahe za ka tashi, iska ba ta taso ba kuma sanyin sahiya na ƙara ma fiffike ƙarhi, da rana tsaka iska ta yi zahi ta rage nauyi sai ya ci fili da yawa kahin ya ɗaga. Fuskanci iska, ƙara wuta a hankali, ka hau sama sosai ka daidaita shi har ya tahi miƙe ba hannu da rabin wuta. Ranar farko iyakarta kenan sai sauka. In kun saba, hau da shi a karkace kamar digiri 45 ka juya shi rigingine ka saki sanda: in hanci ya faɗo da sauri nauyi ya yi gaba da yawa, matsar da batiri baya milimita 5 ka sake gwadawa, in kuwa ya ci gaba da hawa ko ya ƙara ɗagawa to ya yi baya, mai da shi gaba. Wanda ake so shi ne ya ɗan riƙa saukowa sannu-sannu. Daga nan sai alkahura guda mai faɗi, kana rage wuta in ya juyo ƙasa, sai mirgina, sannan ka fara haɗa rabin alkahura da rabin mirgina.