Yadda za ka tsaya wa maƙwabcinka manomi idan bashi ya taso shi a gaba

Idan kana zaune a ƙaramin gari a jihar Ayowa ko Nebraska ta Amurka, ko lardin Saskacewan na Kanada, ba ka rasa maƙwabcin da gonar gado ke neman kuɓuce masa. Ba zai faɗa maka ba. Manoman nan sun gwammace su haɗiye damuwarsu da a ce gonar kakanni a hannunsu ta salwanta. Kai ne za ka fara zuwa.

Kafin ka je, ka san abin da ya ci shi, don kada ka ɗora masa nasihar "a ƙara ƙoƙari". Irin masara da waken soya da yake shukawa mallakar kamfani ne, ba shi da ikon ajiye na bana ya shuka baɗi. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da haka a 2013 a shari'ar Bowman da Monsanto. In shanu yake kiwo, kamfanoni huɗu, Tyson, JBS, Cargill da National Beef, su ke yanka kusan kashi 85 cikin 100 na shanun da ake turkewa domin nama a Amurka. Wasu ke yanka masa farashin iri da taki, wasu kuma su yanka masa farashin amfanin gona. Gonakin Amurka sun kai miliyan 6.8 a 1935, ƙidayar 2022 ta samu miliyan 1.9. Ba lalaci ne ya kori duk waɗannan iyalai ba, kuma yana bukatar ya ji haka daga bakin wani.

Ka lura da alamu: ya sayar da shanu ba lokacinsu ba, shinge ya faɗi an bar shi, wasiƙun banki sun taru ba a buɗe ba, an daina ganinsa a coci ko wajen wasan yara a makaranta.

Kada ka zaunar da shi kamar mai tuhuma. Ka je da hannun aiki, ku gyara shingen tare. A gefen tarakta ake samun maganarsu, ba a falo ba. In ka ji yana cewa iyalinsa za su fi samun sauƙi ba shi, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta jefa mutum ciki. Ku kira 988 tare, lambar agajin masu tunanin kashe kansu ce, tana aiki a Amurka da Kanada. Gidajen nan da yawa akwai bindiga, ka roƙe shi a kai ta ajiya wani wuri har hankali ya kwanta. Wannan shi ne abin da na fi nacewa a kai.

Sai batun bashin. Ka matsa masa ya nemi zaman sulhu da masu bin sa tun kafin banki ya ƙwace ƙasar. Jihar Minesota ta Amurka ta wajabta irin wannan zama tun 1986, sakamakon matsalar bashin manoma ta shekarun 1980. A Kanada gwamnatin tarayya tana yin sa kyauta, kuma tana iya dakatar da masu bin bashi har kwana 120. A Amurka akwai Babi na 12 na dokar fatara, wanda aka yi domin iyalai manoma su sake tsarin biya ba tare da sun rasa gonar ba.

Kada ka manta da matarsa. Sau da yawa ita ke riƙe da lissafin gonar, ita ke aiki a gari don iyali su samu inshorar lafiya, kuma ba mai tambayar yadda take. Ka sa uwargidanka ta riƙa leƙa ta, ku ɗauki yaran wasu ranakun.

In har aka kai ga gwanjon kayan gonar, ka halarta, ka taya su loda kaya, ka kuma ci gaba da zuwa a makonnin da mutane suka watse.