Likitan haƙori ko likitan ƙafa: yadda za ka zaɓa tun kafin cike fam ɗin JAMB

Baffana ya wuni a kasuwa da ƙusa a cikin takalminsa bai sani ba. Sai da ya zo alwalar magariba ya ga jini a tafin ƙafa. Shekararsa goma sha biyu da ciwon sukari, jijiyoyin ƙafar sun daina kai masa labari. Muka yi wata uku muna zarya a asibiti, a ƙarshe aka yanke yatsu biyu. Tun daga lokacin, duk ɗalibin da ya ce mini yana tsakanin karatun haƙori da karatun ƙafa, ina zama in saurare shi da kyau, domin na ga abin da rashin mai duba ƙafa yake jawowa. Sai dai ƙofofin nan biyu ba faɗinsu ɗaya ba, kuma gara ka san haka tun yanzu.

Mataki na ɗaya: san inda ake koyar da kowanne

Karatun haƙori yana nan a gida. Digirin likitan haƙori, wato BDS, shekara shida ne ga wanda ya shiga ta JAMB da Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fizis. A arewa akwai shi a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri, a kudu kuma akwai Legas, Ibadan, Benin da Ile-Ife. Shekarun farko tare za ku zauna da masu karatun likitanci, ku koyi ƙirar jiki da yadda gaɓoɓi suke aiki, daga baya a rabu. Idan ka gama, hukumar MDCN, mai kula da likitoci da likitocin haƙori ta Najeriya, ce za ta yi maka rajista, ka yi shekara ɗaya ta aikin koyo a asibiti, sannan bautar ƙasa.

Likitancin ƙafa, wanda ake kira fodiyatiri, sana'a ce mai zaman kanta a wasu ƙasashe, kuma zuwa can ake yi a koyo. A Amurka sai ka riƙe digiri na farko, ka rubuta jarrabawar shiga makarantar likitanci ta MCAT, ka yi shekara 4 ka sami digirin likitan ƙafa na DPM, sannan shekara 3 na horo a asibiti kafin a sakar maka wuƙa. A Ingila digiri ne na shekara 3, a yi maka rajista da HCPC, hukumar ma'aikatan lafiya ta can, aikinka ya fi karkata ga farce, gyambo, kaushi da gyaran taku. A Faransa ma shekara 3 ne, abin da ya kamata 'yan'uwanmu na Nijar su lura da shi. A nahiyarmu, Jami'ar Johannesburg ta Afirka ta Kudu tana da digiri na shekara 4.

To ka ga tambayar ta sauya. Kafin ka ce wanne kake so, tambayi gida: akwai halin fita waje? In babu, kada ka rufe shafin nan tukuna, mataki na huɗu naka ne.

Mataki na biyu: je ka gani da idonka

Gani ya kori ji. Nemi izini ta hannun makarantarku ko wani ɗan'uwa ma'aikacin lafiya, ka yi ko da kwana biyu-biyu a kowane ɓangare.

A ɗakin haƙori ka kalli hannun likita. Filin aikinsa bai kai tafin hannu ba, yana sunkuye, fitila a sama, ƙaramin madubi a hagu, injin yana ƙara a dama. Yakan tsaftace kogon turmin haƙori na can ƙurya yana kallonsa ta madubi, inda komai yake a juye. Shi ya sa ɗalibai suke daɗewa suna gwaji a kan kan mutum-mutumi na roba kafin su taɓa mutum. Mutumin da ke kan kujera kuma a tsorace yake, bai yi barci ba jiya, bakinsa a buɗe ba ya iya yi maka bayani. Amma idan aka cire haƙorin ko aka cike shi, sau da yawa a ranar zai sami sauƙi, ya tafi yana sa maka albarka.

A wurin masu ciwon sukari lamarin daban ne. Za ka ga an kwance bandeji, warin gyambo ya cika ɗaki, ana kankare mataccen nama a hankali. Za ka ga an ɗauko wani siririn zare mai danna nauyin giram 10, ana taɓa tafin ƙafa da shi, ana cewa, "Baba, ka ji?" Shirun da dattijo zai yi a nan shi ne labarin. Wannan aiki ba ya ƙarewa a rana ɗaya. Mutum ɗaya zai yi ta dawowa wata da watanni, ku saba, ka san 'ya'yansa, ka yi ta faɗa a kan yawo ba takalmi da gasa ƙafa a wuta lokacin hunturu. Ladan aikin shi ne ƙafar da ba a yanke ba.

Idan ka koma gida, ka lura da wanda ka yi ta ba da labarinsa. Ni a ganina wannan ya fi duk wata shawara da za a ba ka.

Mataki na uku: auna jikinka da aljihunka

Haƙori yana cin wuya da baya, yana son ido mai kyau da hannun da ba ya rawa. In kana mafarkin buɗe wurinka, ka tuna kujerar haƙori, na'urar ɗaukar hoto, tukunyar dafa kayan aiki da wutar da ba ta yankewa duk kuɗi ne masu nauyi. Kayan aikin ƙafa sun fi sauƙi, amma karatun da kuɗin ƙasashen waje ake biya. Kuma kafin ka kashe ko sisi, ka rubuta wa hukumomin rajistar ma'aikatan lafiya na Najeriya ka tambayi matsayin takardar da za ka dawo da ita, ka riƙe amsar a rubuce.

Mataki na huɗu: duba hanyoyin da suke ɓullewa gaba

Mutane suna zaton likitan haƙori cirewa da cikewa ne kawai. Bayan BDS ana iya ƙwarewa a tiyatar baki da muƙamuƙi, ko jera haƙora, ko haƙoran yara, ta Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa ko takwararta ta Afirka ta Yamma. Duk wanda ya ga yadda hatsarin babur yake farfasa muƙamuƙi ya san darajar waɗannan mutane. A Sakkwato akwai asibitin yara masu cutar noma, cutar da take farawa daga dasashi ta cinye kumatun yaron da yunwa ta raunana. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman hakan.

Wanda zuciyarsa take ga ƙafa kuma babu halin fita, akwai hanya a gida. Ƙafa ɗaya tana da ƙashi 26, kuma a nan likitocin ƙashi ne suke yi mata tiyata. Ka karanta likitanci, wato MBBS, ka nemi horo a wuri irin Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, ko ka ƙware a ciwon sukari. Akwai kuma fisiyo, wato gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, da aikin jinya mai kula da rauni, da fannin ƙera ƙafar roba da takalmin gyara. Hanyar ta fi tsawo, amma takardarka a gida take, ba wanda zai tambaye ka daga ina.

Mataki na biyar: zauna da iyaye, sannan ka cike fam

Ka je musu da takarda: shekarun kowane karatu, inda ake yi, abin da ka gani a asibiti. Iyaye da yawa ba su taɓa jin likitan ƙafa ba, za su ɗauka ɗori ne ko yankan farce, don haka ka yi musu bayani da misalin wani mai ciwon sukari da suka sani. In haƙori ka tsayar, duba ƙasidar JAMB ta shekarar, ka tabbatar MDCN ta amince da tsangayar jami'ar da ka zaɓa, ka sa ta a zaɓin farko, domin guraben ba su da yawa.