Yadda Ake Ƙara Wa'adin Mabuɗin GPG da Ƙananan Mabuɗansa

Da yawa cikin 'yan'uwanmu masu aikin kwamfuta a Jidda da Riyad, da zarar sun ga mabuɗinsu na GPG (manhajar kulle saƙo da sa hannu a kwamfuta) ya ƙare sai su ƙirƙiri sabo. Wahala ce kawai. Wa'adi ake ƙarawa, kamar sabunta iƙama: lambarka tana nan, ranar ƙarewa ce ke canzawa. Ko mabuɗin ya riga ya ƙare ana iya tayar da shi, muddin babban mabuɗin sirri yana hannunka.

Fara da `gpg --list-secret-keys`. Layin `sec` shi ne babba, layukan `ssb` ƙananan. Idan ka ga `sec#`, dakata: babban ba ya cikin wannan na'urar, sai ka ɗauko shi daga inda ka ɓoye. Ranakun da za ka gani na miladiyya ne, shekara a gaba, sannan wata, sannan rana. Wanda ya saba da hijiriyya ya lura, 2026-03-04 huɗu ga Maris ne.

Kwafi lambar mabuɗin mai haruffa 40 da ke ƙarƙashin layin `sec`, ka rubuta `gpg --edit-key` ka liƙa ta. Buga `expire`, ka ba shi `1y`, ka tabbatar, ka sa kalmar sirri. Shekara ɗaya nake so, biyu ma ba laifi. Kada ka sa `0`. Mabuɗin da ba ya ƙarewa, ranar da kwamfuta ta ɓace ko ka manta kalmar sirri, haka mutane za su yi ta kulle maka saƙon da ba za ka iya buɗewa ba.

To, nan ne ake faɗuwa. Abin da ka yi yanzu babban kaɗai ya shafa. Ƙaramin mai alamar `E`, wanda da shi ake kulle saƙon da za a aiko maka, yana nan da tsohuwar ranarsa. Na sha ganin yaro ya buga `save` yana murna, bayan kwana biyu abokin aikinsa a Kano ya kira yana cewa na'ura ta ƙi mabuɗin. Don haka kafin ka fita, buga `key 1` don zaɓar ƙarami na farko. Duba da idonka, sai ka ga tauraro ya fito, `ssb*`. In babu tauraro ba ka zaɓi komai ba, kuma `expire` zai sake komawa kan babba. In kana da na biyu, ƙara `key 2`. Sai `expire`, `1y`, sannan `save`. Fita da `quit` ba tare da amsa tambayar adanawa da `y` ba yana zubar da aikin duka.

Akwai gajeriyar hanya: `gpg --quick-set-expire`, lambar, `1y` don babban; sai ka maimaita umarnin da `'*'` a ƙarshe don ƙananan. Tana da sauri, amma tauraron yana tsallake ƙaramin da ya riga ya ƙare. Wannan sai ka rubuta lambarsa a madadin tauraron.

Saura rarrabawa, domin sabuwar ranar a kwamfutarka kaɗai take. Fitar da mabuɗin fili, wato wanda ake bai wa mutane, da `gpg --armor --export`, ka tura wa abokan hulɗa su shigar, ka ɗora a keys.openpgp.org, shafin da mutane ke neman mabuɗan fili. In kana sa hannu a aikin GitHub, sabunta na can. Ɗauki sabon kwafin ajiya, ka sa tunatarwa a waya wata guda kafin sabon wa'adin.