Yadda ake tara tsofaffin katunan gidan waya masu hoto, da yadda za ka gano labarin da ke cikinsu

Wato irin katin nan nake nufi da ake kira foskad, gaba hoto ne, baya kuma wajen rubutu da adireshi da kan sarki, ba a sa shi a ambulan haka ake jefa shi a akwatin gidan waya. A Ostiriya aka fara shi a 1869, lokacin ba shi da hoto sai daga baya aka sa, kuma da Turawa suka shigo ƙasar nan sai suka dinga ɗaukar hoton garuruwanmu suna bugawa suna aika wa 'yan uwansu a gida, shi ya sa yau za ka ga hoton kasuwar Kurmi ko ganuwar Kano ya fi sauƙin samu a Landan ko Faris a kan cikin Kano kanta. Abin nan yana min ciwo gaskiya.

Farko dai ka zaɓi abu ɗaya. Kar ka ce komai za ka tara, kuɗinka ne zai ƙare a banza. Ka ce ni ƙofofin Kano nake so, ko dalar gyaɗa, ko Damagaram, ko tashoshin jirgin ƙasa, shi ke nan.

Sai nema. Ka fara da gida tukuna, tsohuwar adakar kaka, ko akwatin kakanka in ya yi aikin reluwe ko En'e ko malanta, ka roƙa da ladabi a buɗe maka. Bayan nan sai intanet, shafukan saye da sayarwa na eBay da Delcampe su ne manya, amma fa ka rubuta sunan yadda Turawan lokacin suke rubutawa, misali Haoussa ko Haussa, Zinder maimakon Damagaram, in ba haka ba ba abin da zai fito maka. Kuma kar ka biya ko sisi sai mai sayarwa ya nuna maka hoton bayan katin, don a bayan ne rabin labarin yake.

To yanzu ga inda daɗin abin yake, gano shekarun kati. Juya shi. In ka ga bayan babu layin nan da ya raba shi biyu, gaba ɗaya wajen adireshi ne, to tsohon gaske ne, don Ingila a 1902 ta yarda a raba bayan kati gida biyu, saƙo a hagu adireshi a dama, Amurka kuma sai 1907. Sannan ka dubi kan sarki, ai sunan ma ya gaya maka, kan wane sarki ne a jiki? Edward na bakwai daga 1901 zuwa 1910 ya yi, George na biyar 1910 zuwa 1936, George na shida har 1952, daga nan sai Sarauniya Elizabeth. In an rubuta Northern Nigeria a jiki to kafin haɗewar 1914 aka buga kan sarkin, in kuma ka ga kuɗinsa da kobo ne to daga 1973 ne zuwa sama, lokacin da naira ta shigo. Hatimin gidan waya ma ka duba da kyau, in ka ci karo da na Zungeru ka riƙe shi gam, nan ce hedikwatar Arewa kafin a koma Kaduna a 1917. Su kuma na Nijar, Zinder ce babban birni har 1926 kafin a mayar Yamai. Sai dai ka lura, ranar hatimi ranar da aka aika ce kawai, hoton kansa zai iya girmar ta da shekara goma ko fi, don ana ta sake buga hoto ɗaya.

Shi ya sa dole ka karanta hoton shi ma. In akwai jirgin ƙasa a Kano to ba kafin 1911 ba ne, a shekarar ne dogo ya iso. In babban masallacin Juma'a na cikin birni ka gani da kubba da hasumiyoyinsa biyu, ginin zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne na wajen 1951, in kuma doguwar hasumiyar ƙasa ce to wancan tsohon ne da ya gabace shi. Wani katin ma za ka rantse Kano ce alhali Landan ce, don a bikin baje kolin daular Ingila na Wembley a 1924 sun gina gari guda mai ganuwa irin tamu suka buga katunansa.

Rubutun da ke ƙasan hoto kuwa kar ka haɗiye shi gaba ɗaya. Mai bugawa ciniki yake yi, sau da yawa sai ka ga an rubuta ɗan ƙasa ko bahaushen ɗan kasuwa kawai, mutum da rawaninsa da alkyabbarsa da sarautarsa amma ba suna, wani lokacin ma garin ba daidai ba ne. Ka ɗauki hoton katin a waya ka kai wa dattijan unguwa, ka ce Baba don Allah wace ƙofa ce wannan, ka zauna ka saurara, za su gaya maka har gidan wanda ke bayan bishiyar. Abin da ya shige musu duhu ka je Gidan Makama a Kano ko Arewa House a Kaduna ka gwada da hotunan da suke da su. Duk abin da aka faɗa maka ka rubuta a littafi daban, da sunan wanda ya faɗa da ranar.

Ajiya kuma, don Allah kar ka yi laminetin. Na taɓa kai wani katin dalar gyaɗa shagon masu kwamfuta a rufe min da leda, zafin injin ya cinye launin kuma ba ya ɓaruwa, har yau ina jin takaicinsa. Ba selotef, ba gam, ba biro, in dole ne sai ka rubuta to fensir mai taushi a baya. Kowane kati ka raba shi da ɗan'uwansa da farar takarda, ka sa a kwali mai murfi a saman kabad nesa da rana da bango saboda gara, da damina kuma ka dinga buɗewa lokaci-lokaci kana dubawa ko laima ta shiga.